Ƙofar da Aka Fasa Sau Biyu

Ba ɓarayi kaɗai suka cuci Mai Walda ba, har da hannunsa. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karye ya wuce. In ya je gaisuwa gidan mutane ya tarar marfin taga yana lilo, to gaisuwa ta ƙare, sai ka ji yana tambaya ko akwai filaya a gidan. Shekara talatin da ɗoriya yana haɗa ƙarfe da ƙarfe a garejin da ke manne da gidansa, kuma kowa a layin ya san abin da yake taƙama da shi: in ya yi ɗori ya goge ya shafa fenti, ko da fitila ka zo ba za ka nuna wurin ba. To, wannan taƙamar ce ta kai shi ta baro.

Ranar Talata da safe ya fito da kofin shayi a hannu, ya tarar da ƙofar garejin a karkace. An zura ƙarfe ta gefen sakata an ɓanɓare, marfin ya yage kamar bakin gwangwanin madara. Kwaɗon da ya yarda da shi yana nan rataye a kulle, lafiyarsa ƙalau, ɓarayin ko kallonsa ba su yi ba. Ya ajiye kofin a ƙasa ya shiga. Akwatin sifanu babu, injin huda ƙarfe babu, naɗin waya biyu babu. Injin walda yana nan, don tun da daɗewa ya ɗaure shi da noti a jikin siminti. Duk wannan bai sa gabansa ya faɗi ba, sai da ya juya kusurwar hagu inda babur ɗin Auta yake kwana. Babu komai a wurin sai ɗigon baƙin mai da tsumman da take goge kujera.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, shekararta ashirin da shida. Tana da shekara uku shan inna ya taɓa mata ƙafafu biyu. Da sanduna takan zaga tsakar gida, takan zaga aji, amma taku ɗari ya fi ƙarfinta, kuma ba ta iya zama a bayan babur don ƙafar ba ta riƙo. Da ta gama karatun koyarwa sai da ta yi shekara biyu a gida, takardu a jaka, ba don rashin aiki ba sai don rashin abin da zai kai ta. Uban ya sayi tsohon babur ya yanka shi biyu. Wata takwas yana fama. Ya sa masa taya biyu a baya, ya sauke kujera ƙasa yadda za ta zame daga kan sanduna ta zauna ba sai an ɗaga ta ba, ya ɗauke giya da birki daga ƙafa ya mayar hannu. Birkin ma turawa ake yi, ba ja ba, don hannunta ya fi ƙarfi a turi. Ya yi wa sanduna mazauni a gefe, ya yi wa littattafai akwati a baya. Babu kamfanin da ya ƙera wannan abu, saboda haka ba shi da takarda ko ɗaya, kuma a duk duniya mutum ɗaya ya iya tuƙa shi.

Da shi ta sami aikin koyar da lissafi a wata makaranta can ƙarshen gari, bayan gada, a saman tudu. Gwaji aka ɗauke ta na zango ɗaya. Shugabar makarantar mace ce da ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce mata ƙarfe takwas ake shiga aji, wanda ya makara sau uku a lokacin gwaji ya sallami kansa, mai ƙafa da marar ƙafa duk ɗaya. Auta ta dawo gida tana murna da maganar, ta ce karo na farko ke nan da aka ƙi tausaya mata. Saura mako uku zangon ya ƙare, ko sau ɗaya ba ta makara ba. Ranar Talatar nan ta makara.

Mai Walda kuwa tun ƙarfe bakwai ya buga wa 'yan sanda waya. Aka ce kada ya taɓa komai, ana zuwa. Ya ɗauko benci ya zauna gaban ƙofar. Tara ta yi, goma ta yi. Maƙwabta suka zo suka yi jaje, kowa ya faɗi wanda yake zargi, suka watse. Ya sake bugawa aka ce mota ta fita. Ya sake bugawa aka ce motar ta dawo amma direba ya fita. Duk wannan lokacin ƙofar tana gabansa da yagaggen baki, iska na kaɗa ta tana ƙara. Matarsa ta leƙo ta ga yadda yatsunsa ke motsi a kan gwiwa.

"Malam, sun ce kada ka taɓa."

"Na ji."

"Na san ka ji. Da hannun nake."

Har rana ta yi sanyi babu ɗan sanda babu dalilinsa. A cikin garejin akwai ƙofofin mutane uku da gadon ƙarfen wata mata da ya gama, ga injin walda, ga ɓarayi sun riga sun san hanya. Wane mai hankali zai kwana da gareji a buɗe? Ni dai a nan ban ga laifinsa ba. Laifinsa ɗaya, bai iya gyaran wucin gadi ba. Wani zai ɗana guntun ƙarfe ya liƙe ya bar shi haka, kowa ya gani. Shi kuwa ya buge marfin ya miƙe, ya cike yagar, ya goge har sai da tafin hannu ya wuce sumul, ya haɗa fenti daidai da tsohon launi, har da ɗan duhu a ciki don kada sabunta ta tona shi. Sannan, da yake ba ya rufe gareji da datti, ya share ƙasa tas, har da sawun takalman da ba nasa ba.

Washegari ya taka zuwa ofishin 'yan sanda, ba nisa, layi huɗu ne tsakani. Ɗaki ne mai dogon benci da kanta mai tsayi, fanka ɗaya na juyawa kamar an yi mata dole. Bayan kantar Saje ne, mutum mai jiki da sanyin murya, gabansa babban littafi da biro ɗaure da zare. Sai da ya gama cin gyaɗarsa, ya karkaɗe hannu, sannan ya tambayi me ke tafe da shi. Mai Walda ya zayyana. Da aka zo kan babur Saje ya nemi lamba, babu. Takarda, babu. Sunan kamfani, babu. Ya ce to wannan ai ba babur ba ne. Mai Walda ya ce yana da inji, yana shan mai, yana tafiya, me ake kiran abu irin wannan? Saje ya yi tunani mai zurfi, ya rubuta "tarkacen ƙarfe". Ya ce ba a buɗe fayil sai an je an ga inda aka fasa, a koma gida a jira.

Kofur ne ya zo, ranar Alhamis da rana, dogo siriri, wayarsa a hannu don ɗaukar hoto. Ya tsaya gaban gareji ya tambayi ina ƙofar da aka fasa. Aka nuna masa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shafa, ya durƙusa ya kara ido. Ya ce a daina wasa da shi, a nuna masa ƙofar. Ka ji halin ɗan Adam fa: a daidai wannan lokacin, babur ɗin 'yarsa ya ɓata, amma sai da Mai Walda ya ji wani daɗi ya ratsa shi, har ya ɗan gyara tsayuwa. Daɗin bai daɗe ba. Kofur ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce shi bai ga alamar fasawa ba, babu sawu, babu tabo. Abin da babu hotonsa kuwa Sufeto ba ya sa masa hannu.

Mai Walda ya ce ga maƙwabta nan, mutum ashirin sun gani da idonsu. Kofur ya ce maƙwabta ba hoto ba ne. Sannan ya rage murya, ya matso kamar mai ba da shawarar arziki.

"Baba, abin ai mai sauƙi ne. Ka samo ƙarfe ka sake ɓalle ta yadda suka yi, ka kira ni in ɗauka. Minti biyar."

"In fasa ƙofata?"

"Ai kai za ka gyara."

"Na wuni ina jiranku da ita a fashe. Yanzu kuma in zama ɓarawon kaina don ku sami hoto?"

Kofur ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai taimako yake yi. Mai Walda ya rantse masa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai sa ƙarfe a jikin aikinsa ba, kuma ba zai shirya abu da hannunsa ya kira shi shaida ba. Ya faɗi wasu maganganun ma da ba sai an maimaita ba, har matarsa ta fito ta ja masa riga. Kofur ya sa wayarsa aljihu ya kama gabansa.

Laraba da Alhamis mijin yayarta ne ya kai Auta makaranta, amma shi direban dogon zango ne, Alhamis da yamma ya yi lodi ya tafi, sai bayan wata. Ranar Juma'a tun ƙarfe shida ta tsaya bakin titi a kan sandunanta, uban na gefe yana ɗaga hannu. Bas uku suka rage gudu, suka hango sanduna, suka ƙara mai. Masu tasi ma haka. Bas ɗin da ya tsaya daga ƙarshe matakinsa ya kai gwiwar mutum, sai da uban da wani fasinja suka cicciɓe ta kamar buhu. Mayafinta ya zame, littattafan yara suka zube a ƙasa, wata mata a ciki tana ta "Allah sarki, Allah sarki". Bas ɗin kuma a gindin tudu yake sauke mutane. Takwas da minti ashirin da biyar ta shiga aji. Sau biyu ke nan.

Da ta dawo ba ta yi kuka ba, Auta ba ta yi wa mutane kuka. Ta zauna tana duba aikin yara da jan biro, tana dannawa har takarda na hujewa. Uban ya tsaya bakin ƙofa yana kallon ta. Ita ce ta yi magana, ba ta ko ɗago ba, ta ce makarar ba ta dame ta kamar "Allah sarkin" nan ba, wata biyu da rabi rabonta da jin sa. Ranar uban ko abinci kasa ci ya yi.

Ranar Asabar sai ga mai facin da ke zama kusa da ofishin 'yan sanda, ya zo da kansa. Ya ce ya hau katangar bayan ofishin don ɗauko wata taya da yara suka jefa masa, sai ya hango wani abu mai ƙafa uku a cikin baburan da aka kama, kuma wannan aikin hannu bai yi masa kama da na kowa ba sai mutum ɗaya. Mai Walda ko takalmi bai sa daidai ba. Ya je ya leƙa, ga shi nan kuwa a ƙarƙashin bishiya, an zarge shi da sarƙa ɗaya tare da wasu babura shida, fitila ta fashe, murfin taya ya lotse, kashin tsuntsaye a kan kujera. Mai faci ya riga ya ji labarin. Tun safiyar Talata masu sintiri suka tsinto shi a cikin kwata, layi biyu daga gidan. Ɓarawon ya haɗa waya ya tayar, ya hau, ya zo kwana ya lalubi birki da ƙafa bai samu ba, ya ja na hannu ya ƙi jawuwa, ya afka kwata, ya gudu ya bar takalmi ɗaya. Wato ranar da Mai Walda ya wuni a benci yana jira, da ranar da aka rubuta tarkacen ƙarfe, babur ɗin yana bayan bangon da Saje yake jingina.

Mai Walda ya shiga cikin ofishin. Saje ko mamaki bai yi ba. Ya buɗe wani littafin daban ya karanta: abin hawa marar rajista, an same shi a wurin haɗari, mai shi ya gudu. Ya ce in nasa ne sai ya yi bayanin yadda ya faɗa kwata. Mai Walda ya ce sace shi aka yi, ga rahoton nan a ɗaya littafin, ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Saje ya ce wancan littafin tarkacen ƙarfe ya ce, wannan kuma abin hawa ya ce, ba su haɗu ba, kuma ma wancan ba a tabbatar da shi ba tunda ba a ga fasawa ba. In aka gani, aka ɗauki hoto, Sufeto ya sa hannu, sai a haɗa littafi da littafi a saki kaya. Duk cikin ladabi yake maganar, yana ta "Baba, Baba", abin da ya fi ƙona rai ke nan. Mai Walda ya gaya masa in Litinin ta yi ƙarfe takwas 'yarsa ba ta cikin aji, aikinta ya tafi. Saje ya ce Allah ya kyauta, ya jawo kwanon gyaɗa.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauko ƙarfen ɓanɓara, bai gaya wa kowa ba. Ya daɗe tsaye gaban ƙofar. Tun yana koyon aiki bai taɓa ɓata abin da ya gyara ba, kuma ya san duk layin sun ji rantsuwar da ya yi wa Kofur. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wani haushi da bai san inda zai sauke ba. Ya zura ƙarfen ta gefen sakata ya danna. Ƙofar ta ƙi. Ya sa ƙafa a bango ya ja da duk ƙarfinsa, gumi na shiga masa ido. Sai a karo na huɗu ta yage, kuma ba a kan ɗorin ba, a gefensa, inda ƙarfen kamfani yake. Ɗorinsa ko gezau.

Ƙarar ce ta fito da Auta. Ta tsaya a kan sandunanta tana kallon ƙofar, tana kallonsa.

"Baba, ai ka rantse."

"Na rantse, na kuma karya. Koma ciki."

Ba ta koma ba. Ya ciro waya ya kira Kofur. Sai a kira na biyar ya ɗauka, hayaniyar masu kallon ƙwallo a bayansa. Ya ce yau ba ya aiki, gobe da jibi kuma an tura shi gadin wani taro, a bari sai Laraba. Ya ƙara da cewa kada a taɓa komai.

Mai Walda ya dubi wayar, sai ya tuntsire da dariya, irin dariyar da ta sa matarsa ta ajiye tsintsiya ta fito. Ya ce to shi ke nan, tunda ba za su zo wurin ƙofa ba, ƙofa za ta je wurinsu. Ya ɗauko guduma ya sauke marfin daga mazauninsa, ya toshe wurin da ɗaya daga cikin ƙofofin mutane, ya aro amalanke wurin mai kayan gini. Auta ta ce da ita za a je. Ya ce amalanke ba wurin zamanta ba ne. Ta ce ranar Juma'a an ɗauke ta ba a tambaye ta ba, wannan karon ita ta zaɓa. Uwar ta dubi uba ta dubi 'ya, ta ce ita dai ta san inda aka gado wannan taurin kai, ta shiga ta ɗora dutsen guga a wuta.

Litinin, bakwai saura kwata, mutanen layi suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Ƙofar gareji kwance a kan amalanke, Malama zaune a kanta cikin kayan aiki masu kari, sanduna a cinya, jakar littattafai a kafaɗa, uban na turawa da furfurarsa. Masu shara suka tsaya da tsintsiya, masu shago suka fito bakin ƙofa. Wanda ya buɗe baki zai yi magana, in ya dubi fuskarta sai ya mayar da abinsa.

A bakin ofishin ta sauka da kanta. Shi kuma ya jawo marfin har gaban kanta ya sake shi a kan siminti. Ƙarar ta sa mutanen da ke benci suka zabura, tsuntsayen rufi suka tashi. Ya ce ga fasawa nan, a ɗauki hoto. Saje ya leƙo ta saman kanta, ya duba, ya koma ya zauna. Ya ce ƙofar da aka cire daga wurinta ba ta zama shaida, ina ya san ta wane gida ce? Ko da ma ta zama, Sufeto sai ƙarfe goma yake shigowa, kuma mabuɗin sarƙar yana cikin aljihun teburinsa.

Auta ta dubi agogon bango, bakwai da minti goma. Ta ce, cikin natsuwa, rabin awa ce tsakaninta da makaranta, ko za a taimaka a buga wa Sufeto waya? Saje ya ce ba a tashin Sufeto da safe. Sannan ya dube ta daga sama har ƙasa, ya tausasa murya.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Ki je ki roƙi shugabarku. Ai in ta dubi halin da kike ciki za ta tausaya."

Mai Walda ya ga yadda yatsunta suka matse sanduna. Bai ɗaga murya ba, ya wuce wurin nan tun jiya. Ya ce to ko za a bar shi ya je ya duba babur ɗin, ya zuba masa mai, don in Sufeto ya zo a same shi a shirye? Saje da ma neman hanyar rabuwa da su yake, ya yi nuni da hannu.

Suka zaga baya, ya ɗauko wani buhu daga ƙasan amalanke. Mutanen benci suka biyo su, don zama ya ishe su: wata mata da aka fizge wa jaka, da wani dattijo da ya kwana uku yana zuwa kan maganar akuyarsa, da wasu samari biyu. Mai faci yana kan katanga. Mai Walda ya goge kujerar tas, ya mayar da wayoyin da ɓarawo ya tsinke, ya sa gwiwa ya miƙar da murfin taya, ya juye kwalbar mai a tanki. Auta ta zame ta zauna, ta soke sanduna a mazauninsu, ta murɗa mabuɗi. A dannawa ta biyu injin ya amsa. Sai ya sake sa hannu a buhu ya zaro almakashin yankan rodi, mai dogayen hannuwa.

"Baba," ta ce. Ba ta san ya zo da shi ba.

"Riƙe birki."

Ya ɗana bakin almakashin a sarƙar, ya haɗa hannuwan biyu. Ƙas! Sarƙar ta zube a ƙasa. Ya zare ta daga cikin tayar a hankali don kada ta karce fenti.

Ashe Saje yana iya gudu. Ya iso yana haki, hula a hannu, yana tambaya ko tsohon nan ya san abin da ya aikata, kayan hukuma, a cikin harabar hukuma, da rana tsaka. Mai Walda ya ce ya sani, kuma sarƙar ma ba ta kirki ba ce, wanda ya sayo ta ya cuce su. Ya juya almakashin ya miƙa masa ta wajen mariƙi.

"Ni na yanka. Ga ni nan, ba inda zan je. Ita malama ce, tana da aji."

Ɗan sandan da ke gadin bakin ƙofa ya riga ya tare hanya. Auta ta taho a hankali har tayar gaba ta kusa taɓa takalminsa, sannan ta tura birki.

"In kama ni za ka yi, sai dai ka ɗaga ni da hannunka, don ba zan sauka ba. In kuma za ku iya jira, ina aji har ƙarfe biyu. Ku zo ku same ni a gaban yara."

Mai gadin ya dubi Saje, Saje ya dubi mutane. Samarin nan biyu sun ɗaga wayoyinsu, matar da aka fizge wa jaka ta riƙe ƙugu, dattijo mai akuya ya matso har gaba yana gyara tsayuwa. Mai gadin ya sosa ƙeya, ya ja gefe kamar wanda ya tuna wani aiki.

Hanya ta buɗe, amma ba ta tafi ba. Ta waiwayo ta dubi uban, idonta ya cika a karo na farko tun da aka fara wannan abu.

"Baba, rufe ka za su yi."

"Su rufe. Je ki, kin tsaya kina ƙona mai."

Ta goge ido da bayan hannu, ta saki birki, ta sa giya. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

A bayan kanta aka ce ya cire takalmi da bel, ya zazzage aljihu. Ya ajiye alli, da guntun wayar walda, da ƙaramin tef na awo. Saje ya buɗe sabon shafi yana rubutu da sauri, biro har tsalle yake, wannan karon ba a jira kowa ba. Gaskiya Mai Walda ya tsorata. Shekara sittin da biyu ba a taɓa rufe shi ba, simintin da sanyi a tafin ƙafa, kuma yana tunanin wanda zai je ya gaya wa matarsa. Amma da aka tambaye shi ko yana da abin cewa, ya ce a rubuta da kyau cewa da gangan ya yi, kuma a rubuta sunan abin daidai, babur ne.

Aka buɗe ƙyauren ɗakin tsare mutane, wari ya fito ya tare shi. Kafin ya shiga ya juyo ya dubi agogon bango. Bakwai da minti ashirin da shida. Ya cire minti biyun da aka yi ana rubutu, ya lissafa cunkoson gada, ya lissafa hawan tudu, ya ƙara mata minti uku na takawa daga bishiyar da take ajiye babur zuwa ƙofar aji.

"Za ta isa," ya ce wa Saje.

Ya shiga, ya nemi wuri a jikin bango ya zauna.